Zailani Tela Ya Auna Hanyar Gaya

Gidan hayar da nake zaune a Kalley, bayan Babbar Kasuwar Yamai, ɗaki bakwai ne, ƙofa ɗaya, pompon ruwa ɗaya, sarkin cika baki ɗaya. Sunansa Zailani, tela ne, amma in ba ka ce masa Metir Zailani ba, wato Gwani Zailani da Faransanci, ko juyowa ba ya yi. Ɗinki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Cutarsa guda ce. Tun ranar da ya gane cewa igiyar awon nan da ke rataye a wuyansa, wadda muke kira santimita, ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan ƙugun mutum ba, sai ya ɗauka babu abin da ba za ta auna ba a duniyar Allah.

Ni Hamisu, shekara ashirin da biyu na yi ina jan kamiyo, babbar motar kaya, kafin ciwon baya ya hana ni. Ɗakina na kallon nasa. Duk abin da zan faɗa, a gabana aka yi shi.

Wata Alhamis cikin damina, 'yan lekol suna bakansi, wato 'yan makaranta suna hutu, aka bugo wa matarsa Safiatou waya daga Gaya. Ƙanwarta Balkisa ta haihu, mace. Safiatou ta saki muryar wayar a tsakar gida don murna, shi ya sa kowa ya ji.

"Yaya, sunanki nake so a sa mata," in ji Balkisa. "Amma dangin mijina sun ce na yayarsa Latifa. Mun ja, mun ja, ga inda aka tsaya. In kin zo ranar suna kin karɓi takwararki da hannunki, taki ce. In kin yi irin ta bikina ba ki zo ba, Latifa na nan bayan katanga, ko takalmi ba sai ta sa ba."

Bikin Balkisa ya wuce Safiatou ne saboda Zailani ya rantse kar ɗin Gaya, wato bas ɗin fasinja, ƙarfe takwas yake tashi, alhali tun biyar na asuba ya tafi. Ita kuwa Safiatou shekara goma sha biyu da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba ta taɓa yin zancen a tsakar gida ba. Amma ran nan ta ciro wani yadi mai laushi daga ƙasan akwati, wanda daga ninkinsa ka san ya daɗe yana jira, ta ce wa mijinta ya ɗinka 'yan riguna uku.

"Ran Litinin zan hau kar," ta ce. "Kwana uku kafin suna. Ba na son lissafi."

"Kar?" Zailani ya ajiye almakashi. "Matar Metir Zailani a kar, tsakanin buhun albasa da kaji? Ni da permi?"

Permin, wato lasin tuƙi, na gaskiya ne. Shekara huɗu yana cikin leda a aljihunsa, ana nuna wa baƙi. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne Zailani a bayan sitiyari.

Da la'asar ya je fada, inda mazan layinmu suke shan shayi gaban shagon Nazifi mahauci, ya tsaya a tsakiya kamar mai shelar ɓatan akuya.

"Jama'a, ran Litinin zan tafi bakansi. Jihar Doso, daga sama har ƙasa, har bakin kogi. Da mota."

"Motar wa?" in ji Nazifi.

"Motar gida."

Motar gida ita ce ta Alhaji Nassirou, yayan Safiatou, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke zaune a Lamordé, ƙetaren kogi. Doguwar mota ce mai ƙofar baya, ta tsufa amma tana sheƙi, don Alhaji ya fi wanke ta a kan tuƙa ta. Likita ya hana shi doguwar tafiya saboda gwiwa. Don ƙanwarsa kawai ya ba da makulli.

"Zailani, yadda na ba ka ita, haka za ka maido mini. Ko ƙuda ya sauka a kanta, ina so in san daga wace unguwa yake."

"Alhaji, ai sai ta fi haka kyau."

"Ba na son ta fi. Haka nake son ta."

Ran Juma'a Zailani ya tsallako gada da ita a giya ta ɗaya, jerin motoci a bayansa har Lamordé suna zaginsa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Da ya iso ƙofar gidanmu ya fito yana share zufa.

"Baba Hamisu, shigar mini da ita ciki. Ni hannuna na babbar hanya ne, ƙananan wurare ba su ishe shi ba."

Na shigar da ita. Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce mai ganye biyu, yatsa uku ya rage kowane gefe. Na ajiye ta kusa da pompo.

Sai aka shiga tsari. Ya aro taswirar ƙasa daga wani malamin lekol, ya shimfiɗa ta a teburin yanka, ya danne kusurwa huɗu da dutsen guga da almakashi da kofi biyu. Ya ciro santimita daga wuya, ya aza kai a Yamai, ya ja har Gaya.

"Goma sha tara," ya ce. "Ko hannun rigar yaro bai kai ba."

"Kilomita kusan ɗari uku ne," na ce. "Na bi hanyar nan fiye da yadda ka zura zare a allura."

"Baba Hamisu, kai bin ta ka yi. Ni auna ta na yi. Akwai bambanci." Ya sa alli ya ja layi. "In ƙara biyu na kalmasa, ashirin da ɗaya."

"Kalmasar me? Hanya ce ko wando?"

"Komai na duniya yana son kalmasa."

Ya sayo sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan lekol, ya rubuta PUROGARAM a bangonsa da jan biro. Ƙarfe bakwai, tashi. Takwas da minti goma, Kure, kallon raƙuman dawa, minti ashirin. Goma, Birnin Gaure, shan fura. Azahar a Doso, a kwana. Talata a gangara Gaya. Laraba kwale-kwale da soyayyen kifi a bakin kogi, a ɗauki hoto. Alhamis suna.

"Raƙuman an ba su kofin purogaram ɗin?" na tambaye shi.

"Dabba ce mai dogon wuya. Daga nesa za ta hango mu ta shirya."

"In ruwa ya yanke hanya fa? Damina ce."

Ya duba kaye. "Babu ruwa a purogaram."

Na ce masa abin da na ce, wanda ba zan rubuta ba. Ya ce ai dama direban kamiyo kaya ya sani, bai san tsari ba. Safiatou ta raba mu.

To, ga inda bakinsa ya ja masa. A unguwarmu, in mutum ya ce zai yi tafiya da motarsa, ba shi kaɗai zai tafi ba. Duk mai ɗan'uwa a kan hanyar yana da haƙƙin sautu, kuma ba a cewa a'a. Mai hankali yakan sulale da asuba, sai ya kai Doso ya bugo ya ce tafiya ta kama shi. Zailani kuwa ya yi shela a fada, ya maimaita a ƙofar masallaci, ya kuma gaya wa duk wanda ya zo karɓar ɗinki.

Asabar da safe Hajiya Zalika, mai gidan da muke haya, ta sa aka turo firigo, wato firiji.

"Na ɗana ne da ke aiki a Doso. A tsaye ake ɗaukarsa, Metir, in aka kwantar da shi ya mutu."

Zailani ya auna firigo, tsawo da faɗi. Ya rubuta. "Tana ɗauka."

Salamatu mai sai da kopto, kwaɗon zogale, ta kawo katifa, ta 'yarta a Birnin Gaure. Ya auna. "Tana ɗauka." Liman ya aiko da lasifika biyu da tabarmi shida na wani masallacin ƙauye. "Tana ɗauka." Nazifi mahauci ya kawo ƙofar ƙarfe, wai yana gini a Gaya. Wani mutum da babu wanda ya san shi a layin ya ajiye buhun gero uku, ya ce a ba Habsu a Doso, ya tafi.

"Wace Habsu?" in ji Safiatou.

"In mun je za a sani. Doso santimita ɗaya ce."

Litinin ta zo. Kayan da ke tsakar gida sun fi motar tsawo. Aka cusa gero, aka cusa lasifika, wurin zaman Safiatou ya tafi. Aka fitar da gero, katifa ta ƙi lanƙwasa. Har azahar ana shigarwa ana fitarwa.

"Malam," in ji Safiatou, "kar ɗin gobe da asuba..."

"An gyara purogaram. Gobe za mu tashi. Raƙuma sun koma minti goma."

"Ni ba raƙumi za a sa wa sunana ba."

"Safiya, ki bar aikin maza ga maza. Ba mota ce ta yi kaɗan ba, bene ne ba ta da shi."

Ya kira Habibu mai walda. Ya zana masa abin da yake so da alli a ƙasa: ƙarfen ɗaura kaya a saman mota, mai ƙafa shida, da shinge kewaye har ƙirjin mutum, don firigo ya tsaya a tsaye.

Habibu ya sosa ƙeya. "Metir, a ɗaure da noti ko a liƙe?"

"Liƙe. Ni ba na ɗinkin wucin gadi."

"Zailani," na ce, "motar mutane ce."

"Ƙari za mu yi mata. Wa ya taɓa kai yadi aka sa masa aiki a wuya ya yi fushi?"

Habibu ya fara da yamma, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Talata ya dawo, kuran ya zo, ya tafi, ya zo. Sai gab da magariba aka gama. Zailani ya sake gyara purogaram. Kwanan Doso ya fita, kwale-kwale ya fita, raƙuma suka koma "a ɗaga musu hannu". Laraba a tashi, a isa da la'asar, Alhamis da safe suna. Babu sauran kalmasa.

Safiatou ta shiga ɗaki. Ta ninke 'yan rigunan nan uku ta sa a ƙaramar jaka, ta rataya jakar a kafaɗa, har girki da ita ta yi.

In faɗi gaskiya, ni ma na zagaya motar nan sau biyu ran Talata. Amma idona na kan taya da sifirin, ina lissafin nauyi. Ban ɗaga kai ba. Mu kusan arba'in muka shiga muka fita ta ƙofar nan, babu wanda ya ɗaga kai.

Laraba da safe layinmu ya cika. Duk mai sautu ya zo ganin tafiyar kayansa, da iyalinsa. An ɗaure firigo a tsaye a sama kamar hasumiya, katifa a gefensa, ƙofar Nazifi a kwance, lasifika biyu suna kallon gabas da yamma. Zailani ya fito cikin riga mai aljihu tara da ya ɗinka musamman, da baƙin tabarau, da safar hannu ta shadda. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa musu tsari daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na dabba. Aka shafa. Aka buɗe ƙofa ganye biyu. Safiatou ta shiga gaba da jakarta.

"Jama'a, sai mun dawo. Mai son kifi ya faɗa tun yanzu."

Ya tayar. Motar ta yi tsalle biyu, ta miƙe. Taku shida.

Gwaram!

Firigo ya sunkuya baya kamar mai gaida surukai. Lasifika ɗaya ta faɗo ta gangara har bakin pompo. Kowa ya ɗaga kai a lokaci ɗaya. A saman ƙofar gidanmu akwai linto, wato gungumen simintin da ya haɗa ginshiƙan biyu. Shekara talatin yana nan, bai taɓa ɓuya ba.

Zailani ya fito, ya cire tabarau, ya dubi linto, ya dubi mota.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Mijina, Allah ya jiƙansa," in ji Hajiya Zalika. "Kafin ka iya zura allura."

Aka sauke kaya duka. Firigo, katifa, ƙofa, tabarmi, aka jera su a tsakar gida inda suka fito. Safiatou ta sauko ta koma bakin ɗakinta ta zauna, jaka a cinya. Zailani ya hau kujera ya auna daga ƙasa zuwa linto, ya auna daga ƙasa zuwa kan shingen da Habibu ya liƙa. Ya rubuta a kaye.

"Goma sha ɗaya. Ƙofar ta gaza da santimita goma sha ɗaya."

"Ƙofar ce ta gaza?" na ce. "Ka auna Gaya, ka auna firigo, ka auna katifar 'yar Salamatu, ba ka auna ƙofar da kake wucewa sau goma a yini ba?"

"Ba a kawo mini ita awo ba."

Aka ce Habibu ya yanke ƙarfen. Habibu ya nuna fitilar shagon Nazifi. Babu kuran. Zailani ya ce to a fasa linto, rabin sa'a ne da guduma.

Hajiya ta jawo kujera ta zauna daidai ƙarƙashinsa. "Bismillah. Ka fara da ni."

"Hajiya, taimako ne..."

"Kala suru, Metir, sai haƙuri. Ka fasa kanka, ya fi sauƙin gyara."

Ƙarfe goma ta wuce. Na ce a sace iskar tayoyi, don na taɓa wuce wata gada da haka. Aka sace. Motar ta durƙusa. Zailani ya auna. "Saura shida. Kun gani? Dama abin da zan ce ke nan."

Sai ya ce nauyi ake so. A cika motar da manyan mutane, ta ƙara zama. Kuma don kada a yi ta musu, ya shiga shago ya ɗauko littafin awon kwastomominsa, ya hau kujera, ya fara kira da ƙarfi kamar mai kiran sunan 'yan jarrabawa.

"Nazifi mahauci, ƙugu ɗari da ashirin da huɗu! Gaba!"

"Ɗari da sha takwas ne!"

"Bara ke nan. Liman, ɗari da sha tara, a gafarce ni, baya ta dama."

Liman ya ce astagfirullah, ya shiga.

"Mijin Salamatu, ɗari da goma. Hajiya Zalika, ɗari da talatin da..."

Bai ƙarasa ba, takalmin Hajiya ya same shi a aljihu na bakwai. Mata suka yi guɗa. Hajiya ta ce ko kuran ya dawo, ko bai dawo ba, ƙarshen wata ya nemi wani gida mai ƙofa daidai awonsa.

Maza takwas aka cusa, ƙattai, gwiwa a haƙarƙari. Motar ta yi nishi. Zailani ya auna. "Saura biyu. Kalmasa ce kawai."

"To ina za ka samo ta?" in ji Habibu.

"In ba a rage sama ba, a rage ƙasa." Ya ɗauko diga.

"Kada ka haƙa nan," na ce. "Nan bututun..."

Sara na uku ne. Ruwa ya yi tsiri har ya wuce linto, ya sauko kan Hajiya, kan katifar Salamatu, kan buhunan geron Habsu wadda har yau ba a san ko wace ce ba. Pompon tsakar gida ya yi tari ya mutu. Kafin a samo wanda ya san inda ake rufe ruwan layin, bakin ƙofarmu ya zama fadama.

Liman ya leƙo ta taga. "Metir, ga kogin ya zo da kansa. Saura kifi."

Amma abin haushi, taɓo ya yi abin da diga bai yi ba. Zailani ya shiga cikin caɓi har idon sawu, ya auna, fuskarsa ta washe.

"Sifili! Jama'a, sifili! Wa ya ce lissafi ƙarya ne?"

Ya faɗa bayan sitiyari, ya matse Nazifi, ya tayar. Motar ta shiga taɓo, hancinta ya wuce ƙofa, gilashin gaba ya wuce, shinge ya shiga ƙarƙashin linto yana kuka kamar ana yanka kwano. Mutanen waje suka fara tafi. Sai tayoyin gaba suka fita daga rami suka hau tudun titi. Gaba ya ɗaga. Ƙarfe ya ciji siminti. Motar ta tsaya cak.

Ya ba ta wuta, ta watsa wa na baya taɓo. Ya sa ta baya, ta watsa wa na gaba. Ba ta motsa ba.

"A sauka a tura!" in ji Zailani.

"Kada kowa ya sauka!" na yi ihu.

Ina! Mutum takwas da suka yi rabin sa'a cikin zafi suna shaƙar hammatar juna, wa zai tsare su? Ƙofofin baya sun manne da ginshiƙai, don haka na tsakiya suka tsallako ta gaba, na can ƙurya suka fita ta ƙofar kaya. Duk wanda ya sauka, motar ta ƙara miƙewa, ƙarfe ya ƙara nutsewa cikin linto. Da Nazifi ya fita, sai da muka ji gidan ya amsa.

Ga mota rabi a titi, rabi a gida. Yatsa uku ta dama, yatsa uku ta hagu. Ƙofar gidan kuwa ita kaɗai ce. Na ciki suna ciki, na waje suna waje. Aka kira azahar, Liman ya tafi da taɓo har gwiwa. Kar na ƙarshe mai zuwa Gaya ƙarfe biyu yake tashi, wannan kuwa ni na faɗa, ba Zailani ba.

Daidai nan taksi ya tsaya. Alhaji Nassirou ya fito da sandarsa da ƙullin turamen atamfa. Ya zo ne ya tambayi ko akwai wani mai tafiya Gaya, don ya manta bai ba da kayan barka ba, shi a saninsa su Zailani tun Litinin suna can. Jama'a suka buɗe masa hanya, babu wanda ya yi tari.

Ya tsaya gaban motar. Ya dube ta daga hanci har linto.

"Zailani."

"Na'am, Alhaji. Sannu da zuwa. Ya gwiwa?"

"Wannan motata ce?"

"Rabinta ne, Alhaji. Rabin na ciki, lafiya lau."

"Mene ne wancan a kanta?"

"Ƙari ne."

"Tayoyin fa?"

"Dabara ce."

"Gidan da ke kanta fa? Shi ma ƙari ne?"

Zailani ya buɗe kaye yana neman shafi. Alhaji ya ɗaga sanda, mutum uku suka riƙe shi, ni kuwa ban riƙe ba.

Sai muka ji an ɗaga ƙofar kaya ta baya. Safiatou ce. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, jakarta a kafaɗa, ta hau. Ta tsallake kujerar baya, ta tsallake ta tsakiya, ta zo daidai kafaɗar mijinta da ke tsaye a ƙofar direba.

"Malam, matsa."

Ya matsa. Ta fito ta ƙofar direba, ta sa takalminta a kan titi, ta gyara mayafi.

"Na gode, Malam. Tafiya ta yi daɗi, ko jiri ban ji ba. Raƙuman ne dai ban gani ba." Ta juya. "Yaya, taksin nan naka ne?"

"Shiga," in ji Alhaji. Ya miƙa mata atamfa, ya ce wa mai taksi tashar Gaya, kuma in ya tsaya ko gaisawa da wani a hanya, shi da shi ne.

Zailani ya bi su da gudu yana ɗaga kaye. "Safiya! Purogaram! Ki tafi da purogaram!"

Taksin bai tsaya ba.

Kuran bai dawo da ƙarfin walda ba sai Juma'a. Kwana biyu duk mai shiga gidanmu ko fita, ta cikin mota yake bi: a shiga ta baya a fito ta gaba, a shiga ta gaba a fito ta baya. Mai zuwa kasuwa, mai zuwa masallaci, mata da bokitan ruwa tun da pompo ya mutu. Alhaji Nassirou ya sa aka kawo masa kujera, kullum tun safe yana zaune gaban motarsa, ya kafa doka: a cire takalmi, kada a taɓa gilashi, mai ɗauke da miya ya zagaya ta katangar maƙwabta. Zailani kuma shi ne mai buɗe ƙofa da goge kujera bayan kowane mutum. Hajiya Zalika da za ta wuce, sai da ta sa duk mazan layin suka juya baya, Zailani kuma aka karɓe santimitarsa aka ba ni riƙo.

Alhamis da hantsi wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya saki murya. Hayaniya ce da guɗa, sai muryar Safiatou a sama, tana dariya tana kuka.

"Yaya, an raɗa! Safiatou! Tana hannuna yanzu haka, rigar ta yi mata daidai!"

Alhaji ya share ido da hannun riga. Mata suka yi guɗa daga cikin gida, ta ratsa ta mota ta fito titi. Zailani, da tsumma a hannu, ya gyara tsayuwa.

"Kun ji? Rigar ta yi daidai. Kuma purogaram ya ce Alhamis suna. Yau wace rana?"



Habibu ya yanke ƙarfen ran Juma'a. Rufin motar ya fito da tabo shida, Alhaji ya ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi da abarsa, ni na tuƙa. Masu sautu suka kwashe kayansu. Geron Habsu ya tsiro a bakin pompo. Hajiya ta janye maganar tashi, don Safiatou, da sharaɗin a yage shafinta daga littafin awo a gabanta.

A fada kuwa labarin ya riga ya sami kalmasa. In baƙo ya zauna, Zailani yakan ce bakansin bana ya ɗauki fasinja sittin da uku cikin kwana biyu, har da liman, kowa ya sauka inda yake so, ko ƙwarzane babu.

Bayan sati Safiatou ta dawo, a kar, da busasshen kifi da hoton jaririya a waya. Muna zaune a tsakar gida tana nuna wa mata. Zailani ya leƙa, ya yaba wuyan rigar, sannan ya ce, "Hanya fa? Awa nawa kuka yi?"

"Shida."

Ya girgiza kai, ya shafa santimitar da ke wuyansa.

"Ba su iya ba. Goma sha tara ce fa."